Baba Ya Ce Ka Turo

Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna na safiyar Laraba, hadari ya haɗo ta gabas ya tsaya cak, bai zubo ba bai kuma watse ba. Irin zafin nan na damina da riga ke manne wa mutum a baya. Ina durƙushe gaban kanta ta uku ina goge faya-fayai, wayata ta yi ƙara a aljihu.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Sha'aban. A laburaren jami'a nake aiki nan Daura, a ɗakin kallo, inda ake ajiye fina-finai da shirye-shiryen gaskiya, waɗanda ɗalibai ke ce wa dokumentari. Kada ku ɗauka wani babban ma'aikaci ne. Shara, goge-goge, jera faifai, in kunna wa ɗalibi na'ura in miƙa masa abin sawa a kunne. Firamare na gama, na yi shekara ɗaya a gaba, mahaifina ya rasu, na tsaya.

Cikin aikina har da gwada kowane faifai a ga ko ya karce. Ta haka na kalle su kaf, wasu sau uku. Turancin ba duka nake ji ba, sai na raɗa musu sunaye nawa. Akwai na masuntan da ba a magana a ciki, akwai na jirgin ƙasan da ke ratsa ƙanƙara, akwai na tsohuwa mai kiwon zuma. Duk Litinin shugabar ɗakin, Madam Ozioma, tana rubuta Zaɓin Mako a farin allon bakin ƙofa, guda biyar, kuma ni take tambaya. In faɗi sunana, ita ta rubuta na Turanci. Idan ɗalibi ya shigo fuska a yamutse bayan jarrabawa, na masuntan nake ba shi, ruwa ne kawai da ƙarar filafili, wani har barci yake yi. Ku ma in kun samu hali ku neme shi.

Na ciro wayar. Siddiƙa ce.

"Salam. Na gaya wa Baba. Ya ce ka turo kafin Lahadi."

Na karanta a durƙushe. Na miƙe na sake karantawa a tsaye. Na je bakin taga na kuma karantawa, ko haske zai ƙara masa wata kalma. Bai ƙara ba.

Bari in gaya muku abin da ya hana ni sukuni, don na san wasunku sun fara yi min murna.

Siddiƙa 'yar aji uku ce. Wata biyar da suka wuce ta shigo tana neman shiri a kan cinikin dabbobi saboda aikin da aka ba su. Abin da ke kan allo a makon duk na tashoshin ruwan ƙasashen waje ne. Na ce mata akwai wani da ba ya cikin zaɓi, an rubuta sunansa da biro, wasu ɗalibai ne na wata makaranta suka ɗauka a karar Mai'adua, kasuwar shanu, shekaru ashirin da wani abu, aka kawo mana cikin kwalin kyauta. Ni na tsoho mai sanda nake ce masa. Ta zauna tana kallo, can ta cire abin kunne, ta mayar, ta ɗaga hannu ta ce in mayar mata baya. A cikin shirin akwai wani tsohon dillali yana buɗe bakin sa yana duba haƙora, mai ɗauka ya matso, tsohon ya yi dariya ya ture kyamarar da sandarsa. A bayansa wani saurayi siriri na riƙe da igiya. Saurayin nan mahaifinta ne, Malam Jafaru. Tsohon kuma kakanta, wanda ya rasu tana goye, wanda har ya bar duniya bai yarda an ɗauke shi hoto ba. Babu hotonsa ko ɗaya a gidansu.

Daga ranar take zuwa. Da farko don tsohon, daga baya ban san don wa ba. Takan ce in zaɓa mata, in zaɓa, ta gama ta zo mu yi gardama. Ta ce na zuman ya cika jan rai, na ce ai zuma ba a gaggawa da ita.

Ranar da za a tafi hutu ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta, hijabi ruwan toka, ta ce in ta je gida za ta ba Babanta labarin shirin nan. Ni kuma, ban san inda na samo ƙarfin hali ba, na kalli allon Zaɓin Mako na ce masa, don ban iya kallonta ba, in da hali ina so a san da ni a gidansu. Ta gyara igiyar jaka, ta ce za ta gani.

To kun ji. Magana biyu ta tafi da su gida. Wacce ta gaya wa Baba? In shirin ne, ka turo na nufin in tura ta waya, kamar yadda kowa ke cewa turo min hoton nan. In ɗayar ce, ka turo na nufin magabata, babbar riga, goro. Kalma ɗaya ce, kuma ba ta sa mata komai a gaba ba.

Na kira, ba ta shiga. Garinsu ƙarami ne gefen Kongolam, dab da iyaka, inda waya kan saki sabis ɗinmu ta kama na Nijar, sai in ta shigo Mai'adua take samun turo saƙo. Na rubuta "Wanne zan turo?" na tsaya ina kallonsa. In aure take nufi, wannan tambayar ta mai wasa da 'yar mutane ce. Na goge. Na rubuta "Fim ɗin?" Na goge. Na rubuta "Baffana zai zo." Wannan tun kafin in kai ƙarshe na goge. Daga ƙarshe na tura "To." Alama ɗaya ta fito, ta ƙi zama biyu.

Ranar nan na sa na jirgin ƙasa a gidan na zuma. Wani ɗalibi ya dawo min da shi yana tambaya ina ƙudan suke.

Kuskurena da na koma gida shi ne na bar wayar a kan tabarma na shiga alwalar la'asar. Ƙanwata Maijidda ba ta ganin waya a ajiye ta wuce. Kafin in wanke ƙafa ta biyu na ji guɗa a tsakar gida. Na fito da buta a hannu na tarar ta karanta wa Inna saƙon da ƙarfi, har da gyaran murya.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma cika yi min magana kai tsaye a kan irin wannan ba. Sai ta juya ga tukunya tana gaya wa Maijidda cewa a je a kira Baffa Maharazu, kuma a gaya wa wasu mutane su kai shaddarsu wanki. Na ce Inna a dakata, wataƙila fim ake nufi. Maijidda ta riƙe haɓa.

"Yaya, wane uba ne zai ce a turo masa fim kafin Lahadi? Jinya zai yi da shi?"

Na yi bayanin tsoho mai sanda. Na ce Malam Jafaru dillali ne, Lahadi kasuwa, bayan kasuwa yakan bi motar shanu Kudu ya yi makonni, shi ya sa aka ce kafin Lahadi. Maijidda ta ce ai wannan dalilin ya fi dacewa da magabata. Gaskiyarta ce kuwa. Inna ta ce wa tukunya shekara uku tana jiran ta ji an ambaci sunan mace a gidan nan, yau an ambata kuma ana so a mayar mata da shi fim.

Abin da ban faɗa musu ba, ku zan gaya wa. Yarinyar nan jami'a take. Ni mai goge kanta ne. In na tura Baffa alhali mutumin faifai ya nema, za a karɓe shi da mutunci, a ba shi ruwa, a sallame shi, sannan labari ya zaga cewa mai sharar laburare ya ji an ce turo ya kwaso dangi. Ita kanta ba za ta ƙara iya shigowa ɗakin kallo ba. In kuma na tura fim alhali dattijo ya share zaure yana jiran baƙi, to na nuna masa ko ni wane ne, kuma ba a ba mutum irin wannan dama sau biyu. Ta kowace hanya Siddiƙa zan rasa.

Baffa Maharazu ƙanin mahaifina ne, tela ne a bakin kasuwa. Kafin magariba ya iso, ya ji, ya ce shi a duniyarsa turo ɗaya ya sani. Washegari da safe sai ga ƙullin goro cikin ganye da ledar alawa a ɗakin Inna.

Alhamis na je aiki ban karya ba. Hadarin jiya na nan, ya ƙara duhu kawai. Na duba waya, alama ɗaya. Na share ɗakin, na duba. Na sake share inda na share. Madam Ozioma ta ɗago daga kwamfutarta ta ce in na ci gaba zan kankare mata siminti.

Madam a Daura aka haife ta, mahaifinta na da shagon kayan gyaran mota, Hausarta ta fi tawa gudu. Na ce mata ina neman alfarma, a ba ni izini in kwafi na tsoho mai sanda in tura wa wani. A raina na ce ko ba komai in riƙe shi a waya. Ta ce na fi kowa sanin doka, faifan ɗakin nan ba a kwafa, ba a turawa. Ta tambayi wa zan tura wa. Na miƙa mata wayar kawai.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta sake karantawa. Ta san Siddiƙa, ta kuma san yawan zuwanta bai yi kama da na aikin makaranta ba.

"Wanne turo ɗin?" ta ce.

"Shi ne ban sani ba, Madam."

Ta yi dariya har ta dafa tebur, amma ba irin mai ciwo ba. Sannan ta jawo aljihun tebur ta ciro wani fom da ban taɓa ganin an cike ba. Ta ce akwai tsarin kai shiri a nuna wa jama'a a waje, sharaɗin kawai ma'aikaci ya tafi da faifan da laftof ɗin ofis, ya dawo da su da hannunsa. Ta cike, ta sa hannu, ta nuna min inda zan sa nawa. Akwai wani layi a ƙasa, na tambaye ta na mene ne. Ta ce sunan wanda zai raka ni.

"Fom ɗin bai ce kada ya zama baffanka ba," ta ce, ta mayar da tabarau.

Na jima a tsaye kafin abin ya shige ni. In fim ake jira, ga fim, Baffa kuwa mai babur ne da ya kawo ni. In magabata ake jira, ga Baffa, ni kuwa mai kunna na'ura ne, don kowa ya san saurayi ba ya bin masu nemar masa aure. Baffa da na kai masa shawarar ya ɓata fuska, ya ce shi bai taɓa zuwa neman aure a matsayin ɗan acaɓa ba. Amma ya yarda, bisa sharaɗin ba zai cire babbar riga ba. Goron da alawar muka tura can ƙasan jakar laftof, na ɗora sifika da wayarta a kai.

Asabar bayan azahar muka kama hanyar Mai'adua. Gero ya yi tsayi dama da hagu, sama ta yi baƙi ta gefen Nijar. Rigar Baffa fara ce ƙal da ta sha sitaci, iska na cika ta tana marina a fuska. Na rungume jakar a ƙirji. Sau uku na ciro waya a kan babur, har Baffa ya ce in na yar da ita ba zai tsaya ba.

Gidan bai yi wuyar samu ba, duk wanda muka ce wa Malam Jafaru dillali sai ya nuna da hannu. Muka yi sallama, aka ce yana wurin turken shanu a bayan gidan, mu shiga zaure. Na dubi zauren. Tabarma ɗaya ce a shimfiɗe, tsohuwa, ga igiyoyi a rataye, ga buhunan dusa a jingine. Ba a share don baƙi ba.

Labulen ƙofar ciki ya motsa, Siddiƙa ta fito da kwanon ruwa, atamfa kore da ɗan mayafi. Ta gan ni, fuskarta ta buɗe. Ta ga Baffa, ta rufe. Ta durƙusa ta gaishe shi da ladabi, ta ajiye ruwan, ta koma bayan labule. Na ji an ƙwanƙwasa ƙyauren a hankali. Na matsa kamar mai neman inda zan ɗora laftof.

"Sha'aban, shirin fa Baba ya ce."

"Na kawo shi. Ba a turawa ne."

"Wannan fa?"

"Baffana ne. Shi ya kawo ni a babur."

"Da babbar riga?"

Na tambaye ta ɗayar maganar fa. Ta ce ba ta samu fuska ba tukuna, kullum in ta buɗe baki sai ta fasa. Ban ga laifinta ba, ni da na goge saƙo uku.

Yanzu na san amsa, kuma ba wadda Inna ke jira ba ce. Na koma na raɗa wa Baffa cewa fim ne, ya rufa min asiri. Ya gyara hularsa.

Malam Jafaru ya shigo yana kakkaɓe hannu, dogo, siriri har yanzu, gemu ya fara fari. Suka gaisa da Baffa, gida, iyali, damina, kasuwa. Idonsa ya sauka kan sitacin rigar ya ɗan daɗe, ya ɗauke. Ya ce da ni shi cewa ya yi a turo, bai so a wahalar da mutane ba. Na yi masa bayanin dokar ɗakinmu, ya gyaɗa kai, ya ce kowace sana'a da ƙa'idarta.

Na buɗe jaka na ciro laftof. Na ja wayar sifika, ta maƙale. Na ƙara ja. Ashe ta sarƙe da ganyen ƙullin. Goro biyu suka faɗo, fari da ja, suka gangara kan tabarma, jan ya je ya tsaya dab da yatsan ƙafar maigidan. Baffa ya saki gefen rigarsa ya rufe farin. Jan ya yi masa nisa.

Ba wanda ya kalli goron nan. Mu uku muka taru muka ƙi kallonsa. Malam Jafaru ya ce a saki tabarmar ƙofa don haske ya ragu.

Na kunna. Hayaniyar kara ta cika zauren, kukan shanu, masu kiran juna. Ya zauna a miƙe, hannu bisa gwiwa, yana faɗin sunayen mutanen da ke wucewa, wannan ya rasu, wannan yana Maraɗi, wannan ya makance. Da aka zo minti na goma sha tara na matso kusa da laftof ɗin, don na san faifan yana da ɗan karce a wurin. Ya sarƙe kuwa, hoton ya tsaya a kan ƙahon sa. Na cire shi, na hura masa iska, na goge da gefen rigata daga tsakiya zuwa baki, na mayar.

Tsohon ya fito. Ya buɗe bakin san, ya duba, ya juyo, ya yi dariya, ya ture mu da sanda.

Malam Jafaru bai ambaci sunan kowa ba a nan. Na ji motsi a bayan labule, mata sun taru, wata tsohuwar murya ta yi salati ƙasa-ƙasa. Ban jira an ce min ba, na mayar baya. Tsohon ya sake dariya. Na kuma mayarwa. A na huɗu maigidan ya ɗaga hannu, na bari ya wuce. Ya share fuska da hannun riga, ya ce wa Baffa sandar nan tana nan a ɗaki, ya sha ta a baya ba adadi. Baffa ya yi wa mamacin addu'a, muka shafa.

Aka tura laftof ɗin cikin gida mata suka kalla, Siddiƙa ta iya kunnawa. Muka zauna ana hirar farashin dusa da ciwon kofato. Baffa ya yi ƙoƙari, bai yi ko tari mai ma'ana ba. Jan goron na nan inda yake. Malam Jafaru ya tambaye ni ko ni na samo shirin nan, na ce ni na nuna mata dai. Ya tambayi karatuna, na gaya masa gaskiya, firamare da shekara ɗaya. Ya tambayi yadda aka yi na san inda faifan zai sarƙe. Na ce na kalle shi da yawa. Ya ce uhm.

Iska ta taso mai sanyi, aka fara yayyafi. Baffa ya ce za mu kama hanya kafin ya sauko. Na haɗa kaya, na tura ƙullin can ƙasa, na zuge jaka. A raina ina shirya abin da zan gaya wa Inna, da yadda zan bar wa Maijidda tsakar gida na kwana biyu.

Muna bakin babur Malam Jafaru ya fito da buhun dusa wanda babu komai a ciki da guntuwar igiya. Ya ce kayan gwamnati ba sa son ruwa. Ya karɓi jakar daga hannuna, ya ɗora a kan sirdi, ya auna nauyinta. Sai ya zuge ta, ya zura hannu har ƙasa, ya ciro ƙullin goron da ledar alawa, ya saƙale su a hammata.

"Wannan zai danne muku na'ura," ya ce.

Ya juya ga Baffa, ba ni ba. Ya ce in Allah ya dawo da shi daga Kudu lafiya, sati uku ke nan, yana gida ranar Juma'a, kuma a wannan karon ba sai an zo da mai kunnawa ba.

Ya zura jakar cikin buhun, ya naɗe bakin, ya ɗaure da irin ƙullin da ake yi wa maraƙi, ya ja ya ga ya kamu, ya miƙo min. Kafin in haɗa kalma ya riga ya shige zaure, ruwan kuma ya sauko.